Fashin Baƙin Dokar Babban Lasisi: Hanyar da Yaro Zai Bi Kafin Ya Shiga Formula 1

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon samarin Abuja suna wasa da mota a ƙarshen mako, suna murza sitiyari har taya ta yi hayaƙi, ya san ba a rasa mai cewa da wane zai samu mai ɗaukar nauyinsa, da sai an gan shi a Formula 1. Sai dai tsakanin wannan wasan da babbar gasar tseren motoci ta duniya akwai wata doka da ba ruwanta da tafin 'yan kallo, wato dokar babban lasisi ta FIA, hukumar kula da wasannin motoci ta duniya mai hedikwata a birnin Paris na Faransa. Wanda ba shi da wannan lasisi ba zai shiga tseren Formula 1 ba, ko da kuwa kamfani ya riga ya ba shi mota.

Lasisin ya daɗe, amma a 2016 aka tsaurara sharuɗɗansa, kuma Max Verstappen ne sanadi. A watan Maris na 2015 ya yi tserensa na farko a Ostireliya yana ɗan shekara 17, bayan kakar wasa ɗaya tak da ya yi a gasar Formula 3 ta Turai. Hukumar ta ga idan aka bar ƙofa a buɗe, kamfanoni za su riƙa rige-rigen ɗauko yaran da ba su goge ba suna damƙa musu motocin da ke wuce kilomita 300 a awa.

Saboda haka aka ce dole direba ya cika shekara 18, daidai da shekarun da ake nema kafin a ba mutum lasisin tuƙi a Najeriya. Dole kuma ya riƙe lasisin tsere na ƙasa da ƙasa mai daraja ta ɗaya, ya ci jarrabawa kan dokokin gasar, ya kammala aƙalla kashi 80 cikin 100 na kaka biyu a gasannin motoci masu kujera ɗaya, sannan ya yi gwajin kilomita 300 a motar Formula 1 da irin gudun da ake yi a tsere.

Sharaɗin da ya fi ba direbobi wahala shi ne na maki 40, waɗanda ake tarawa cikin shekara uku. Kowace gasa da farashinta. Zakaran Formula 4 na ƙasa, matakin da ake shiga daga shekara 15 bayan an baro ƙananan motocin kat, maki 12 yake samu, zakaran Formula 3 yana samun 30, yayin da duk wanda ya zo cikin ukun farko a Formula 2 ke samun 40 a lokaci guda. Ma'ana, tsanin da FIA ta kafa da hannunta shi ya fi tsoka, kuma a nan ne ake ƙorafi. A 2022 ƙungiyar tseren Red Bull ta so ɗaukar Colton Herta, Ba'amurken da ya riga ya ci tsere bakwai a gasar IndyCar ta Amurka, wadda ba ta cikin wannan tsani, amma makinsa 32 ne, hukumar kuma ta ƙi yi masa rangwame. A ganina wannan ya nuna lissafin bai auna ƙwarewa kaɗai ba, har da inda mutum ya nuna ta.

Wannan lissafi ne ya ƙara wa makarantun renon direbobi na kamfanoni daraja. Red Bull ta kafa tata a 2001, Ferrari kuma a 2009, tun kafin nan ma McLaren ta ɗauki Lewis Hamilton a 1998 yana ɗan shekara 13. Ba makarantu ba ne masu aji da allo. Kwantiragi ne da kamfani ke ƙullawa da yaro da iyayensa, ya taimaka da kuɗin gasa, ya ba shi mai horar da jiki da na'urar kwaikwayon tuƙi, sannan, abin da ya fi muhimmanci yanzu, ya tsara masa gasar da zai shiga kowace shekara domin makinsa su cika kafin na baya su fita daga lissafi. Akwai kuma wata 'yar ƙofa da kamfanonin ne kaɗai ke riƙe da mabuɗinta: matashin da aka ba mota a atisayen ƙarshen makon tsere, ya yi kilomita 100 ba tare da an hukunta shi ba, yana samun maki ɗaya, har zuwa goma.

A 2024 an sassauta abu biyu. An cire sharaɗin mallakar lasisin tuƙi na kan titi, kuma an ba hukumar damar ba ɗan shekara 17 lasisi idan ta gamsu da bajintarsa da natsuwarsa. Arvid Lindblad na makarantar Red Bull ya ci gajiyar wannan a 2025. Abin lura shi ne, rangwamen na shekaru ne kawai, maki 40 na nan daram.

Ga yaron da ke Garki ko Kubwa, fassarar dokar ita ce maki ba ya samuwa sai a gasar da FIA ta amince da ita, kuma yawancin irin waɗannan gasanni a Turai da Amurka da Asiya suke, ga shi Afirka ma rabonta da tseren Formula 1 tun 1993 a Kyalami ta Afirka ta Kudu. Ugo Ugochukwu, wanda mahaifiyarsa 'yar Najeriya ce, a Amurka aka haife shi, a filayen kat na Amurka da Turai ya taso, a can kuma McLaren ta gan shi ta ɗauke shi a 2021, kafin ya lashe tseren Macau a 2024.