Gudu da motsa jiki: shin kwalliya tana biyan kuɗin sabulu?

Mutane da yawa cikin al'ummarmu da ke zaune a Agege, Idi-Araba, Obalende da Mile 12 sun taɓa ɗaura niyyar fara gudu da safe, kuma mafi yawan waɗanda na tattauna da su a wurin aikina na kiwon lafiya sun ajiye kambas ɗinsu tun kafin mako ya zagayo. Hujjarsu kusan iri ɗaya ce: haki ya hana su sakat, cinyoyi sun yi tsami har ruku'u da sujada sun zama aiki, sai suka ce mutumin da ya zo Legas neman abinci bai kamata ya ƙara wa kansa wahala ba. Ban raina wannan hujja ba, domin ciwon gaskiya ne. Amma ina da yaƙinin cewa wahalar ta cancanci a jure ta, muddin mutum ya san wace ake jurewa da wadda ba a wasa da ita.

Hakin da sabon mai gudu yake yi alama ce ta cewa tsokoki suna neman iska fiye da yadda zuciya ta saba kai musu, kuma yana raguwa cikin 'yan makonni idan aka dage. Shi kuwa tsamin jiki yana zuwa ne saboda aikin da tsoka ba ta saba da shi ba yana yi wa zarurrukanta ƙananan raunuka, waɗanda jiki yake gyarawa har su fi da ƙarfi. Yawanci ba ya bayyana sai an kwana, yana tsananta a rana ta biyu ko ta uku, sannan ya lafa kafin mako guda. Babban kuskuren da ake yi shi ne a kwanta gaba ɗaya na tsawon wata, sannan a sake farawa da ƙarfi, a sake shan tsamin daga tushe. Tafiya a hankali a ranakun tsamin ta fi kwanciya amfani, kuma fita ta gaba ba ta kai ta farko zafi.

Ribar tana can inda ido ba ya gani. Zuciyar da ake motsawa a kai a kai tana harba jini mai yawa a kowane bugu, hanyoyin jini suna ƙara laushi, hawan jini yana sauka, kuma tsokar da ke aiki tana zuƙe suga daga cikin jini. Wannan ne ya sa nake damuwa da 'yan kasuwarmu. Za ka tarar da Alhaji a shagonsa tun ƙarfe takwas na safe har Magariba, ba ya tashi sai salla, yaro ne yake kawo masa shayi mai madara da suga da safe, shinkafa da lemon kwalba da rana. Idan na ɗaura masa abin awon hawan jini a hannu, lamba ta haura 140 bisa 90, sai ya yi murmushi ya ce: "Malam likita, ni fa ban taɓa kwana a asibiti ba." Na yarda da shi, amma hawan jini ba ya sallama kafin ya shigo, kuma sau da yawa labarinsa na farko shi ne shanyewar ɓarin jiki ko lalacewar ƙoda. Duk wanda ya ga yadda ake sa magidanci a mota a mayar da shi gida Arewa ba ya iya ɗaga hannu, ko ya ga iyalin da suke karo-karo domin wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako, ba zai kira tsamin cinya na kwana uku wahala ba.

Abin da ake buƙata bai kai yadda ake zato ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na shekarar 2020, ta shawarci babban mutum da ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai ƙarfi kamar gudu, tare da atisayen ƙarfafa tsoka kwana biyu a mako. Minti 30 na tafiya da sauri sau biyar a mako ya cika mafi ƙarancin adadin. Gasar gudun fanfalaki ta Legas, wadda aka fara a 2016, tana da nisan kilomita 42, kuma masu shigarta suna shafe watanni suna shiri, don haka kada wanda bai taɓa fita ba ya auna kansa da su. Ya fara da tafiya, bayan mako biyu ya riƙa sassarfa ta minti ɗaya yana tafiya ta minti biyu. Idan yana iya magana yana cikin tafiyar, bai wuce gona da iri ba.

Akwai masu ce mini aikinsu ma ai motsa jiki ne. Ɗan dakon da ke sauke buhunan albasa da kwandunan tumatir a Mile 12, da ɗan ga-ruwa mai tura kura cike da jarkoki, sun faɗi gaskiya, kuma abin da suka fi buƙata shi ne hutu da kula da bayansu. Amma direban tirela da ke kwana a layin Apapa, da mai canji, da tela, da maigadi, da ɗan acaba, suna komawa gida a gajiye alhali zuciyarsu ba ta yi aikin kirki ba, domin gajiyar zama a cunkoson motoci daban take da motsa jini.

Ciwon da ba a jurewa kuwa, a san shi da kyau. Idan mutum ya ji nauyi ko matsi a ƙirji, musamman mai sauka zuwa hannu ko muƙamuƙi, ko jiri, ko numfashi ya ƙi dawowa bayan ya tsaya, ya daina nan take a kai shi asibiti. Haka nan ciwo mai suka a wuri ɗaya, a gwiwa ko ƙwauri ko idon sawu, wanda yake ƙaruwa da kowane taku ko ya zo da kumburi, rauni ne da ke buƙatar hutu da dubawa. Ina roƙon matasanmu su daina sayen tramadol ko diclofenac a kemis domin su danne ciwo su ci gaba da atisaye, saboda na farkon yana kama mutum ya zame masa jaraba, na biyun kuma yana cutar da ciki da ƙoda, balle ga jikin da ruwansa ya ragu.

Iskar Legas cike take da laima, gumi ba ya bushewa da sauri, shi ya sa jiki yake ɗaukar zafi fiye da yadda muka saba a gida. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan sallar Asuba, kafin rana ta yi zafi kuma kafin hayaƙin danfo ya cika titi. A zaɓi layin cikin unguwa ko filin makaranta, a riƙa fuskantar motoci, a kula da buɗaɗɗun kwatoci. Sanya rigar leda domin a narkar da teɓa ruwa kawai yake fitarwa, kuma yana iya sumar da mutum. A sha ruwa har fitsari ya yi haske. Iyayenmu mata ba sai sun fita titi ba, domin zagayen tsakar gida da sauri ko hawa da saukar bene yana shiga lissafi, kuma da azumi a mayar da fitar bayan buɗa baki.

Wanda ya haura shekara 40, ko yake da ciwon suga, ko hawan jini, ko mace mai juna biyu, ya fara zuwa cibiyar lafiya ta matakin farko da ke unguwarsu a auna shi a ba shi shawara. Ya rubuta lambar awon a takarda, ya koma bayan wata uku a sake aunawa. Ko lambar ta sauka, kada ya ajiye maganinsa sai likitan da ya rubuta masa ya ce a rage.