Ciyar da Kare da Ɗanyen Nama

Ciyar da kare da ɗanyen nama wani tsari ne na kiwon karnuka da ake ba su nama da ƙashi da kayan ciki ba tare da an dafa ba, wani lokaci a haɗa da ƙwai da ganyaye. Likitan dabbobi ɗan Ostireliya, Ian Billinghurst, shi ne ya yayata tsarin a 1993, bisa hujjar cewa kare jikan kyarkeci ne, don haka abincin kakansa ya fi dacewa da shi. Hujjar tana da rauni, domin wani bincike da mujallar Nature ta buga a 2013 ya nuna cikin kare ya fi na kyarkeci iya narkar da sitaci. Ragowar asida (wani irin tuwo) ko kisra (wata siririyar gurasar dawa) da ake zuba masa a gidajen Hausawan Mai Wurno da Gadarif a ƙasar Sudan ba baƙon abu ba ne ga cikinsa.

Ta fuskar gina jiki, tsokar nama kaɗai ba ta wadatar ba. Tana da fosfaras da yawa amma kalsiyam ɗinta kaɗan ne, shi ya sa ɗan kwikwiyon da aka raina da ita zalla ƙasusuwansa kan yi laushi har ƙafafu su lanƙwashe. Ƙashi mai tauri kuma yana fasa haƙori ko ya toshe hanji.

Sai ƙwayoyin cuta. Tsakanin 2010 da 2012 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gwada samfuri 196 na ɗanyen abincin dabbobi da ake sayarwa, ta sami Salmonella a 15, Listeria a 32. Firiza ba ta kashe waɗannan ƙwayoyi, wuta ce ke kashe su. Kare na iya ɗauke da su yana cikin ƙoshin lafiya, ya yaɗa wa yaran gida.

A Sudan kuwa, inda makiyaya da manoma ke ajiye kare don gadin garke da gona, ba sai an sayi ɗanyen abinci a kanti ba. A kwata, ko ranar Layya, mahauci kan ga huhu ko hanta mai ƙulluka cike da ruwa, ya yanke ya jefa wa kare. Nan ne babbar matsalar take. Ƙullukan nan 'ya'yan wata tsutsa ce mai suna Echinococcus, wadda tsawonta bai wuce 'yan milimita ba. Idan kare ya ci ƙullin, tsutsar tana girma a hanjinsa, ƙwayayenta su fita a kashinsa, su gurɓata ciyawa da ruwa da hannun mai shafa shi. Raƙuma, tumaki da shanu na haɗiye su, haka ma mutum. A jikin mutum ƙullin yakan yi shekaru yana girma a hanta ko huhu ba tare da wata alama ba, kuma sau da yawa sai an yi tiyata, a haɗa da maganin albendazole. Raƙuma ne suka fi ɗauke da cutar a Sudan, galibi a huhu.

Likitoci na ba da shawarar a ƙona kayan cikin da ke da ƙulli ko a binne su da zurfi, a dafa sauran kafin a ba kare, a kuma riƙa ba shi maganin tsutsa na praziquantel lokaci-lokaci.