Ruwan famfo a Maraɗi: daga ina yake zuwa, kuma wa ya fi biya?

Da zarar watan Afrilu ya kama, zancen ruwa ne ke cinye hira a kowace majalisa ta Maraɗi. Waɗannan su ne tambayoyin da na fi ji daga bakin maƙwabta da ƴan uwa.

Gulbi a bushe yake fiye da rabin shekara. To ruwan famfonmu daga ina?

Daga ƙarƙashin ƙasa. Gulbin Maraɗi yana tasowa ne daga Najeriya, ya bi ta Jibiya inda aka yi masa madatsa, ya shigo ta yankin Madarunfa, kuma ba ya gudu sai da damina. Yamai daga kogin Isa take sha, mu kuwa da rijiyoyin burtsatse muka dogara, waɗanda muke kira foraj. Inji ya jawo ruwan, a sa masa magani, a tura shi shato, wato babban tankin ruwa na sama, daga nan ya gangaro cikin bututu zuwa unguwanni. A tuna kuma tsohon garin a kwari yake, sai da ambaliyar 1945 ta cinye shi aka hauro tudu. Tun daga ranar, ruwa sai an hauro da shi.

Me ya sa yake ɗaukewa da bazara, sai tsakar dare ya dawo?

Daga Maris zuwa Mayu kowa yana ƙara sha da wanka, ga dabbobi, ga masu gini. Injin foraj kuma da lantarki yake aiki. In wuta ta ɗauke, shato ba ya cika. Garin yana ta faɗaɗa, kuma gidan da ke ƙarshen bututu ko kan tudu shi ne na ƙarshe a samu. Sai sauran gari ya yi barci ruwan ke samun ƙarfin isa can.

Akwai wata innarmu da ke barin famfo a buɗe, ta aje bokitin ƙarfe a ƙarƙashi, ta shimfiɗa tabarma kusa. Wajen ƙarfe uku na dare famfon zai fara tari, ya huro iska, sannan ta ji ƙarar ɗigo a gindin bokiti. Ta tashi ta cika randa da tulu da bido kafin kiran asalatu. Na ce mata, "Inna, ki bar yara su riƙa tashi mana." Ta ce, "Ɗana, su da ke da lakol da safe?"

Wa ke riƙe da harkar ruwan?

A birane aikin kashi biyu ne. SPEN, kamfanin gwamnati, shi ke da foraj da shato da manyan bututu, shi ke gina sababbi. Rabawa da karɓar kuɗi kuwa kamfanin SEEN ne ya riƙe tun 2001, wanda kamfanin Faransa Veolia ke da kaso mafi yawa a cikinsa, har ƙarshen 2023. Daga Janairun 2024 aikin ya koma hannun NDE, kamfanin ƙasa. Yoyon da ke kan titi kafin kwantar, wato na'urar auna ruwa, nasu ne, a kai musu rahoto. Wanda ke bayan kwantar, cikin gida, naka ne, kuma zai fito a faktir, takardar kuɗin ruwa.

Lita nawa ke isar gida a yini?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki lita 20 ga mutum ɗaya a matsayin mafi ƙaranci, na sha da girki da ɗan wanke hannu. In ana son wanka da wanki su wadata, sai wajen lita 50. Gida mai mutum goma ke nan yana buƙatar bido takwas mai lita 25 don a rayu kawai, ashirin kuma don a wadata.

Da mai kwantar da mai saye wurin ƴan garuwa, wa ya fi kashe kuɗi?

Nan ne abin ke ci mini rai. Mai saye a bido ne ya fi biya, nesa ba kusa ba, kuma galibi shi ne mai ƙaramin ƙarfi. Kwantar da mita kub take lissafi, wato lita 1000, bido 40 ke nan. Farashin hawa-hawa ne: mita kub goma na farko a wata su ne mafi sauƙi, an yi su don talaka, in an wuce nan kuɗin ya ɗaga. Gidan can mai mutum goma, in ya tsaya kan bido takwas, mita kub shida zai sha a wata, bai ma fita daga matakin sauƙi ba. In kuwa saye yake yi, bido 240 ne. Ku ɗauki faktir ɗin maƙwabci, ku raba kuɗin mita kub ɗaya gida 40, ku gwada da abin da kuke ba ɗan garuwa kan bido guda.

Ban ga laifin ɗan garuwa ba. Shi ma saye ya yi a famfon unguwa, ya bi layi, ya turo kura cikin rairayi da rana tsaka. Guminsa yake ci. Abin da ya tsare talaka shi ne kuɗin jawo famfo da ake biya a dunƙule, da zaman haya, da unguwar da bututu bai kai ba.

Ga wani tarko kuma a gidan haya: iyalai biyar kan kwantar ɗaya. Kowa kaɗan yake sha, amma a haɗe sun zarce mita kub goma, sai a yi musu lissafin masu wadata. A ganina, jawo famfo a farashi mai rahusa ga irin waɗannan gidaje ya cancanci a sa shi gaba da komai. Tun 2010 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince cewa ruwan sha haƙƙi ne na ɗan Adam.

In ruwa ya yi garau, ba shi ke nan ba?

A'a. Mutanen Tibirin Gobir, nan kusa da mu, sun ga wannan da idonsu. Ruwan wani foraj da aka sha a shekarun 1980 da 1990 fes yake a ido, amma sinadarin fuloraid ya yi masa yawa. Haƙoran yara suka rine, ƙasusuwan wasu suka lanƙwashe. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ita ce miligiram 1.5 a lita, kuma tafasawa ba ta fitar da shi. Don haka duk wanda ya haƙa foraj a gida, ko yake sayar wa unguwa, ya kai ruwan a auna.

Ƙwayar kwalara ma ba a ganin ta. Jiharmu ta sha fama da ita a 2018, daga yankin Madarunfa, ta kuma dawo a 2021. Sau da yawa ruwan yana fitowa famfo da tsabtarsa, a hanya yake lalacewa: bidon da ya yi kore a ciki, randar da ba ta da murfi, moɗar da yaro ya yar a ƙasa ya sake tsomawa. A riƙa wanke randa kafin a ƙara sabon ruwa, a rataye moɗa ɗaya ta ɗiba kaɗai, a zuba a kofi a sha. Na rijiya ko wanda ba a san asalinsa ba, a tafasa shi, ko a jefa ƙwayar Aquatabs ta tsabtace ruwa yadda takardarta ta nuna, a jira minti 30. In yana da laka, a bari ya kwanta a tace da ƙyalle mai tsabta tukuna, don maganin ba ya cin ruwa mai dauɗa yadda ya kamata.