Na jiƙa iri, ruwa ya ɗauke: tambayoyin da na gaji da amsawa

Duk farkon damina tambayoyin nan ne ke dawowa, daga Ɗambatta har Ringim. Bari in amsa su gaba ɗaya, kowa ya huta.

Mene ne amfanin jiƙa iri kafin shuka?

Yana saurin tsirowa, kuma ya fito bai ɗaya. Shi ke nan.

Awa nawa zai yi a ruwa?

Gero da dawa awa 8 zuwa 10, masara da shinkafa 12 zuwa 18. Ka tsame, ya sha iska, ka shuka a ranar. Masu barinsa kwana biyu, ƙamu za ku yi ko shuka?

Zan iya jiƙawa bana in ajiye sai baɗi?

A'a, Malam. Irin da ya sha ruwa ya riga ya farka, ya fara cin guzurinsa. Ko ka sake busar da shi, ya fi wanda ba a taɓa ba saurin mutuwa.

Na jiƙa da daddare, gari ya waye hadarin ya watse, ƙasa kuma ba ta jiƙu ba. Yaya zan yi?

To, wannan ce tambaya. Kada hankalinka ya tashi, amma ka fara ɗebo dunƙule ɗaya ka duba da kyau. In bakin ƙwayar ya fashe, farar saiwa ta leƙo, maganar busarwa ta ƙare, don bushewa kashe shi za ta yi. Sai dai ka kai lambu inda za ka iya ban ruwa. In bai fashe ba, da sauran dama. Baza shi a tabarma, kada ya yi kauri, a inuwar da iska ke ratsawa, kana juyawa. Ban ce kan kwanon rufi da tsakar rana ba. Na sha ganin wanda ya gasa irinsa haka, ya dawo yana zargin mai shago.

Ya bushe har sai ka ciza ka ji ƙas kamar da. In kana shakka, zuba kaɗan a busasshiyar kwalba tare da busasshen gishiri, ka girgiza. Gishiri ya manne a jikin kwalba? Da sauran laima. Bayan nan sai jarka mai murfi mai kyau ko buhun PICS (mai leda biyu a ciki, da ke hana iska shiga), a ɗakin ƙasa mai sanyi, bisa katako. Masana iri suna da wani lissafi na Harrington: laima ta ragu da kashi 1 cikin 100, ko zafi ya sauka da digiri 5, rayuwar iri kan kusan ninkawa.

Kwana nawa zai kai? Ya danganta da nau'in irin, da yadda ya bushe, da zafin ɗakinka. Kwanaki ko 'yan makonni kafin ruwan shuka ya zauna, wannan da sauƙi. Watanni kuwa, ban ɗaukar maka alkawari. Kafin ka fita gona, ƙirga ƙwaya 100 ka naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, bayan kwana biyar zuwa bakwai ka ƙirga waɗanda suka tsiro. In sun yi ƙaranci, ƙara yawan ƙwaya a rami ko ka canza iri.

Zan iya yin binne da shi?

Haba! Ka tashe shi daga barci, sannan ka tura shi cikin rairayi mai zafi? Binne na busasshen iri ne.

Waken suya fa?

Ƙyale shi. Yana zuƙar ruwa da gaggawa, ɓawonsa ya saɓule.

Maganin iri kamar Apron Star, kafin jiƙawa ko bayan?

Bayan ka tsame, ya ɗan sha iska. Kuma wanda ya taɓa magani, in ya rage, kada a ba kaji, balle ya shiga tukunya.