Haɗa rediyon tauraron ɗan'adam da rediyon da mota ta zo da shi: tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya taɓa shiga mota 'yar Amurka, irin waɗanda ake shigowa da su ta Kwatano ko Legas, wataƙila ya ga wani maɓalli a jikin rediyo da aka rubuta SAT ko XM. Ka danna, shiru kake ji. Maɓallin na rediyon tauraron ɗan'adam ne, harkar da kamfanin SiriusXM ya riƙe a Amurka da Kanada. A can matsalarsu daban ce: sigina na nan a sama, amma motoci da yawa ba su zo da na'urar kama ta ba, sai mai mota ya saya ya haɗa da kansa.

Me ya raba wannan rediyo da FM?

Tashar FM daga dogon ƙarfenta na ƙasa take watsawa, kana yin nisa da gari sai ta fara shashasha ta ɓace. Wannan kuwa daga sama yake saukowa, a kan zangon da ke kusa da gigahaz 2.3, shi ya sa direban babbar mota zai tashi daga Texas har Chicago bai sauya tasha ba. Kamfanoni biyu ne suka fara, XM a 2001 da Sirius a 2002, suka haɗe a 2008. Kuma ba kyauta ba ne, kuɗin wata ake biya.

To ta ina sautin zai shiga sifikun motar?

Nan ne gizo ke saƙa. Na'urar da za ka saya, irin su Onyx ko Roady, kamo sigina kawai take yi, ba ta da sifika. Dole a samar wa sautin ƙofa.

In rediyon motarka na da ramin AUX, ka huta. Siririyar waya mai kai milimita 3.5, irin ta abin sauraro na kunne, ka sa ɗaya a na'ura ɗaya a rediyo, shi ke nan. Ita ce mafi araha, kuma sautinta ya fi na sauran hanyoyin masu sauƙi tsafta. Wasu na'urorin na yanzu suna tura sauti ta Bluetooth in motar na karɓa. Tsofaffin motoci masu cin kaset ma ba a bar su a baya ba: akwai kaset na bogi mai wutsiyar waya, a cusa shi kamar kaset na gaske. Mutane na raina shi, amma sau da yawa ya fi hanyar FM daɗin ji.

Ita hanyar FM ɗin fa, ai ba ta buƙatar kwance komai?

Haka ne, shi ya sa kowa ke fara gwada ta. Na'urar na zama 'yar ƙaramar tasha a cikin motarka: ka nemi gurbin da babu kowa tsakanin 88.1 da 107.9, ka saita na'ura da rediyo a lamba ɗaya. A ƙauye ko kan babban titi ras take aiki. Amma ka shiga New York ko Los Angeles, inda tashoshi suka cika zango maƙil, ka ga ikon Allah. Gurbin da ka samu da safe, kafin azahar wata tasha ta hau kansa. Kuma ba a yarda a ƙara wa na'urar ƙarfi ba. A 2006 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta gano wasu na'urorin sun wuce ƙa'ida har suna kutsawa rediyon motocin da ke kusa, dole aka rage musu ƙarfi.

Maganin wannan shi ne wani ɗan akwati da ake sawa a bayan rediyo, tsakanin wayar eriyar mota da raminta. In ka kunna na'urar tauraron, akwatin ya datse eriyar waje ya zuba sautin kai tsaye. In ka kashe, tashoshin gari su dawo. Sai dai fa sai an zaro rediyo daga mazauninsa, kuma wasu motocin bakin eriyarsu daban ne, sai an nemo mahaɗi. Ni dai a ganina, wanda ba shi da AUX kuma a birni yake zaune, gara ya sha wannan wahalar sau ɗaya da ya riƙa laluben gurbi kullum yana tuƙi.

Ba yadda za a yi abin ya fito a allon motar, ba tare da wata na'ura a maƙale a gaba ba?

Akwai. Ana sayar da wasu akwatuna da aka ƙera don takamaiman mota, su ɓuya a bayan rediyo, sunan tasha ya fito a allo, maɓallan sitiyari su yi aiki. Sun fi tsada, kuma sai ka tabbatar da samfurin motar da shekararta kafin ka biya. A kula da ɗan akwatin nan SXV300: an yi shi ne don rediyoyin kasuwa irin su Pioneer da Kenwood masu tambarin SiriusXM Ready, ba ya shiga rediyon kamfani kai tsaye sai da mahaɗi.

Ina ya kamata a ɗora eriya?

A kan rufi, a waje, inda take kallon sama babu shamaki. 'Yar ƙarama ce, ba ta kai tafin hannu ba, da maganaɗisu a gindinta. Masu ajiye ta a cikin mota bayan gilashi su ne ke kukan sauti na yankewa. A nisanta ta da ƙarfen ɗaukar kaya. Wayar kuma a bi da ita ƙarƙashin robar gilashi ko ta ƙofa, a hankali, kar a matse ta inda ƙofa ke rufuwa, kar kuma ta gitta gaban jakar iskar da ke cikin ginshiƙin gilashi. Wani abin da ke ba mutane mamaki: Ford F-150 daga 2015 jikinta alminiyam ne, maganaɗisu ba ya kamawa, sai da gam ko maƙali.

Ko da an yi komai daidai, sauti zai ɗauke a dogon ramin da titi ke ratsawa ko garejin ƙarƙashin ƙasa. A manyan birane kamfanin ya kafa na'urorin ƙasa masu maimaita sigina saboda dogayen benaye.

Na haɗa, amma ina jin wani siririn kuka da ke ƙaruwa in na taka totur. Mene ne?

Hayaniyar altaneta ce ke bin waya, saboda na'urar na shan wuta daga soket ɗin sigari mai bolt 12 yayin da sautinta ke bin AUX. Akwai ɗan matacin hayaniya da ake sawa a tsakiyar wayar AUX, ba shi da tsada, yawanci yana kashe kukan.

Da me zan kiyaye kafin na fara kwance-kwance?

Cire kan batir na nagatif. Amma ka fara neman lambar sirrin rediyonka, don tsofaffin Honda da dama in wuta ta yanke sai su kulle, su ce sai lamba. Bayan an gama, ka juya zuwa tasha ta 0, lambar na'urar za ta fito. Da ita ake biyan kuɗi a buɗe maka, motar na waje ƙarƙashin sama.

Mu da ke Kano ko Maraɗi, in mun sayo na'urar za ta yi aiki?

A'a, kar ka ɓata kuɗinka. Taurarin SiriusXM Arewacin Amurka suke haskawa, siginarsu ba ta zuwa nan. Afirka ta taɓa samun nata: WorldSpace, wanda Noah Samara ya kafa, ya harba tauraron AfriStar a 1998, amma kamfanin ya durƙushe a 2008, kuma zangonsa ma daban ne da na Amurka. Saboda haka maɓallin SAT na motarka ado ne kawai. Sai dai in rewaya ya ce bari ya cire ƙahon nan na kan rufi tunda ba shi da amfani, ka dakatar da shi. A motoci da yawa eriyar GPS, wani lokaci har ta FM, a cikinsa suke.