Wa doka ta ɗora wa cike ramin da aka haƙi marmara?

Duk wanda ya san gefen garin Zariya ya san ramukan da tifofi ke bari bayan an kwashe marmara ko yashi. Da rani fili ne mai ƙura, da ruwan Agusta ya sauka sai ya koma kududdufi, sauro ya samu gida, yara su mai da shi wurin wanka. Mutane kan ɗauka cike ramin alfarma ce da mai haƙa zai yi in ya ga dama. A dokance kuwa wajibi ne a kansa.

Dokar Ma'adinai da Haƙar Ma'adinai ta 2007 ta sa yashi da tsakuwa da marmara da dutsen gini cikin abin da sai da lasisin gwamnatin tarayya ake haƙa don kasuwanci. Yardar mai gona ko ta mai unguwa ba ta zama lasisi ba. Sashe na 118 ya wajabta wa mai lasisi ya rage ɓarna gwargwadon iko, ya kuma gyara ƙasar da ya tona. Sashe na 119 ya ce kafin a fara aiki sai ya miƙa rahoton tasirin aikin ga muhalli da tsarin yadda zai gyara wurin. Sashe na 121 kuma ya kafa asusun da masu lasisi ke zuba kuɗi a ciki, don kada a ci riba a tattara kaya a bar wa jama'a rami.

Sashen da ya fi amfanar mutanen gari shi ne na 116. Mai lasisi sai ya ƙulla rubutacciyar yarjejeniya da al'ummar wurin kafin ya fara, ana kuma sake duba ta duk shekara 5. Nan ake yawan yin sakaci. Sai a tsaya kan rijiyar burtsatse da ajin makaranta, a manta a rubuta yaushe za a cike ramin, da me, kuma wa zai duba.

Dokar ba ta ƙayyade awo ba, amma masu aikin suna da ƙa'idarsu. Gyara tun ranar farko yake farawa. Ƙasar sama, kamar santimita 15 zuwa 30, ita ce mai rai, a cikinta irin ciyawa da taki suke. A kankare ta a tara gefe guda, tsibin kada ya wuce mita 2, don in ya yi tsayi iska ba ta shiga, ƙasar ta mutu. Direban katafila mai sauri kan haɗa ta da jar ƙasar ƙasa ya ture wuri ɗaya, shi ya sa za ka ga an cike rami amma shekaru ko ƙaya ba ta fito ba.

Wajen cikewa, manyan duwatsu ne a ƙasa, sai ƙasa hawa-hawa ana dannewa, ƙasar sama a ƙarshe. In aka juye gaba ɗaya, damina ɗaya ta isa wurin ya lotsa. Shara kuwa ba abin cike rami ba ce, ruwanta na tsiyaya cikin rijiyoyin makwabta. Inda ramin ya fi ƙarfin cikewa, a kwantar da gaɓarsa, kowace mita 1 ta zurfi a ba ta mita 3 a kwance, a fitar da hanyar ruwa, a kewaye. A dasa jema ko gamba a farkon damina, wajen watan Yuni, su riƙe ƙasa, daga baya bagaruwa ko gawo su biyo, a kuma tsare su daga awaki.

In mai haƙa ya tafi bai gyara ba, a kai ƙorafi a rubuce ofishin ma'adinai na tarayya da ke Kaduna ko hukumar NESREA mai tabbatar da bin dokokin muhalli, a haɗa da hotunan ramin, kwanan wata, da kwafin yarjejeniyar.