Daga e ko a'a zuwa 0.7: waiwaye kan fozi lojik da auna hujja

Jiya a majalisarmu ta Yelwa musu ya kaure kan wai ana zafi a Bauchi ko ba a yi, wani yace ai digiri 33 ba zafi bane a jira watan Afrilu, toh shi ya tuno min da wannan tsohuwar rigima ta masana manɗiƙi, wato ilimin ƙa'idojin tunani da kafa hujja.

Tun zamanin Aristotal ƙa'idar ita ce magana ko dai gaskiya ce ko ƙarya, babu tsakiya. A 1920 Lukasiewicz ɗan Folan ya ƙara matsayi na uku, amma wanda ya fasa ƙwan sosai shine Lotfi Zadeh, haifaffen Baku da ke koyarwa a jami'ar Berkeley ta Amurka a lokacin, a 1965 yace a bar abu ya zama gaskiya gwargwado, daga 0 har 1, wato zafin jiya zai iya cin 0.7 kenan, wannan shine fozi lojik. Wasu manyan masana sun yi mai ca a lokacin, sai gashi a 1987 jirgin ƙasan birnin Sendai na Japan da fozi lojik ɗin yake taka birki.

Ɓangaren hujja kuma hanyarsa daban. A 1995 Phan Minh Dung ya kawo tsari mai sauƙi, kowace hujja ɗigo ce, kibiya na nuna wacce ke sukar wacce, kwamfuta ta tace waɗanda suka tsira. Tsari ne mai kyau wlh, amma ni abinda ke damuna dashi shine kibiya kibiya ce kawai, jita-jitar da aka tsinto a tasha zata iya kayar da shaidar wanda ya gani da idonsa muddin ba a samu wata hujjar da ta soke ta ba, kuma duk wanda ya zauna a zaure ya san malaman hadisi basa haka, akwai sahihi akwai hasan akwai mai rauni.

A 2008 Janssen, De Cock da Vermeir a Beljiyam suka haɗa fozi lojik da tsarin Dung, suka ba kowace suka nauyi, ta yadda sukar 0.2 ba zata girgiza hujja kamar ta 0.9 ba. Saura tambayar da nake so ɗalibanmu na kwamfuta a jami'ar ATBU su riƙe da gaske, waye ke yanke cewa maganar manomi 0.2 ce ta jami'i kuma 0.9? Lissafin baya samar da lambar nan da kansa, mutum ne ke zama ya shigar da ita.